Ƙaramar Cuta Mai Naci: Lacca a Kan Kalmar "Nuisance" ta Ingilishi

 



An roƙe ni in yi jawabi a kan kalma guda ta harshen Ingilishi, wadda ake rubuta ta "nuisance", ake furta ta kamar "nyusans", na kuwa amsa da farin ciki, domin kalma ce da ɗalibi yake gamuwa da ita a littafin aji, lauya yake gamuwa da ita a kundin shari'a, mai karanta jarida kuma yake tuntuɓe da ita kusan kowace safiya, alhali kuwa abin da kowannensu ya fahimta da ita daban yake da na ɗan'uwansa. In ka tambayi ɗalibi sai ya ce maka damuwa ce. In ka tambayi mai fassara a gidan rediyo wataƙila ya ce fitina ko takura. In kuwa lauya ka tambaya, sai ka ga ya gyara zama, don ya san ka taɓo babi mai faɗi wanda alƙalan Ingila suka shafe ƙarnuka suna kai da kawowa a cikinsa.

Mu fara da ma'anarta a bakin jama'a kafin mu shiga zauren alƙalai. Baturen Ingila yana kiran abu da wannan suna idan abin bai kai girman musiba ba, ba ya kuma zuwa sau ɗaya ya wuce, sa'an nan mutum ba shi da hanya mai sauƙi ta raba kansa da shi. Ƙudan da ya hana ka cin abinci cikin natsuwa, da famfon da yake ɗiga dare da rana, da karen maƙwabci mai haushi tun isha'i har asuba, da masu buga maka waya kullum suna tallar abin da ba ka nema ba, duk sun shiga ƙarƙashinta. Amma gobarar da ta cinye kasuwa, ko ambaliyar da ta share ƙauye, ba a kiransu haka, wanda kuwa ya kira su haka a gaban waɗanda abin ya shafa, za a ɗauka ko dai bai iya harshen ba, ko kuma ba shi da tausayi. Asirin kalmar yana cikin naci. Ɗigon famfo na dare guda ba a bakin kome yake ba, amma in ya ɗore wata da watanni yana iya hana lafiyayyen mutum barci har ya rame. Mu Hausawa galibi da fi'ili muke faɗin wannan hali, mu ce abu ya addabe mu, ya gallabe mu, ya ishe mu, ya hana mu sakat; in muna son suna kuwa sai mu ce ya zame mana alaƙaƙai, ko ƙarfen ƙafa. Wanda ya fi kusa da ita duka, a ganina, shi ne ƙadangaren bakin tulu, wanda in ka jefe shi ka fasa tulu, in ka ƙyale shi ya ɓata ruwa, domin a cikin wannan karin magana akwai ƙanƙantar abin, akwai zamansa daram a wuri guda, akwai kuma wuyar magani.

Ga ɗalibai, ga 'yar faɗakarwa ta nahawu. Kalmar suna ce, ba ta da fi'ili a Ingilishin yau, kuma a magana ta yau da kullum ana ƙirga ta, saboda haka sai an sa mata ɗan harafin nan "a" a gabanta. Lauyoyi ne suke sauke shi in suna nufin babin shari'ar gaba ɗaya. Wanda jirgi ya tafi ya bari yakan ce "What a nuisance!", kamar yadda namu zai ce kash, wannan abu da ban haushi yake. In aka ce wani "made a nuisance of himself", ana nufin ya mai da kansa abin damun mutane ta hanyar naci ko shisshigi. "Nuisance value" kuwa ita ce ƙimar da abu yake samu don kawai yana iya damun abokin hamayya, kamar ƙaramar jam'iyyar da kowa ya san ba za ta ci zaɓe ba, amma tana zaftare wa babba ƙuri'a, don haka dole a lallashe ta. Kada ku haɗa ta da "annoyance", domin wannan tana iya zama haushin da yake cikin zuciyarka, ita kuwa tamu kullum abin da yake waje ne, wanda ya jawo haushin. Sau da yawa ma tana zuwa da laushi ƙwarai: mai ladabi in zai roƙi alfarma yakan fara da ba da haƙuri a kan ya zama "nuisance", daidai da namu na cewa a gafarce ni na dame ku. Har akwai wani babban kare a garin Simon's Town na Afirka ta Kudu mai suna Just Nuisance, wanda saboda yawan bin sojojin ruwa cikin jirgin ƙasa, aka rubuta shi a cikin rundunar ruwan Ingila a 1939 don ya riƙa shiga jirgi kyauta, sunan nan kuwa na ƙauna ne.

To, wannan laushi baƙo ne, a asalinta kalmar mai nauyi ce. Tushenta fi'ilin Latin ne "nocere", wato cutarwa, wanda ya zama "nuire" a Faransanci. Daga wannan tushe ne kuma "innocent" ta fito, wato wanda bai cuci kowa ba. Hanyar da ta bi ta shiga Ingila sananniya ce. A 1066 mutanen Normandi suka ci ƙasar da yaƙi, suka zo da Faransancinsu, ya zama harshen fada da na shari'a, har ya daɗe a bakin lauyoyi ɗaruruwan shekaru bayan talakawa da sarakai duk sun koma Ingilishi. A wannan zamani ma'anar kalmar ita ce cuta tsantsa, ko ɓarna. Sai a ƙarni na 17 ta faɗaɗa ta haɗa da duk abin da jama'ar wuri suke ƙyama, kamar wari da ƙazanta, aka kuma fara jifan mutum da ita; a ƙarni na 19 ta ƙara sassautowa har ta kai ga ƙuda da famfo. Kotu kuwa ba ta taɓa sakin tsohuwar ma'anar ba, shi ya sa kalmar take da fuska biyu har yau.

Tun zamanin Sarki Henri na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1154 zuwa 1189, aka buɗe wa wanda aka ƙwace wa fili hanyar kai ƙara gaban alƙalan sarki, daga nan kuma aka gane cewa ana iya hana mutum amfanin gidansa ba tare da an taka ƙafa a cikinsa ba, ta hanyar toshe masa ruwa, ko tare masa hanya, ko tura masa hayaƙi. A birnin Landan har yanzu ana ajiye da takardun irin waɗannan ƙararraki tun daga 1301 zuwa 1431, wanda ya duba abin da suka ƙunsa kuwa zai ga rigingimun maƙwabtaka ne zalla: indararon wannan yana zuba a katangar wancan, masan wancan ya matso kusa da bangon wannan, tagar wani tana leƙa tsakar gidan wani. A 1314 an kai ƙarar wata mata mai suna Alice Wade, wadda ta haɗa masanta da kwatar unguwa da bututun katako har kwatar ta toshe, wari ya buwayi maƙwabta, aka ba ta kwana 40 ta cire.

Shari'ar da ta zama ginshiƙi ita ce ta William Aldred da Thomas Benton a wajen 1610, wadda babban alƙali Edward Coke ya rubuta. Benton ya gina garken aladu daf da gidan Aldred a lardin Norfolk, wari ya hana mai gida zama. Hujjar Benton ita ce kiwon nan abinci ne ga jama'a, bai kamata mutum ya cika tsantsami da hancinsa ba. Alƙalai suka ƙi wannan hujja, suka tabbatar da cewa iska mai kyau da haske suna cikin larurorin gida, amfanin sana'a kuma ba ya halatta a gurɓata su. Amma a wannan hukunci aka ce kyan gani, wato abin da mutum yake hangowa daga tagarsa na ban sha'awa, jin daɗi ne kawai, ba a ƙara a kansa. Kun ga ke nan tun farko mas'alar ta ma'auni ce: ina iyakar abin da wajibi ne maƙwabci ya jure, ina kuma farkon abin da yake da haƙƙin a gusar masa?

Da masana'antu suka cika Ingila a ƙarni na 19, sai wannan tambaya ta tsananta. Ina so in ɗan daɗe a kan shari'a guda ta 1879, tsakanin wani likita mai suna Sturges da wani mai sana'ar alawa mai suna Bridgman, domin kusan duk ƙa'idojin babin suna cikinta. Mai alawar nan yana da manyan turame da taɓare a madafarsa, a titin Wigmore na Landan, an fi shekara 20 ana daka a cikinsu ba wanda ya ce uffan, saboda abin da yake bayan bangonsa lambun gidan likitan ne, ba kowa a wurin. Ran nan likita ya gina ɗakin duba marasa lafiya a ƙarshen lambun, jingine da wannan bango, sai ya tarar ƙarar daka da girgizarta ba sa barinsa ya saurari ƙirjin majiyyaci. Mai alawa ya ce shi ya riga zuwa, likita ne ya kawo kansa, kuma daɗewa ta ba shi haƙƙi. Kotu ta ce a'a: a duk shekarun nan dakan bai cuci kowa ba, saboda haka ba wanda za a ce ya yi shiru a kan cuta, ranar da aka gina ɗakin, ran nan cutar ta fara, daga nan ake ƙirga. Aka hana shi dakan. A cikin wannan hukunci ne alƙali Thesiger ya kawo maganar da ta shahara, wadda ma'anarta ita ce abin da zai zama cuta a unguwar attajirai ta Belgrave ba lalle ne ya zama cuta a Bermondsey ba, unguwar majema ke nan a lokacin.

Wannan ƙa'ida tana da fuskar gaskiya, domin ita ce abin da malamanmu suke kira urfi: wanda ya gina gida a tsakiyar maƙera ba zai kai ƙarar guduma ba. Amma ba zan ɓoye muku ba, akwai abin da yake damuna a cikinta. A 1865, a shari'ar wani mai gona da ake kira Tipping da kamfanin narka tagulla na St Helens, Majalisar Dattawan Ingila, wadda ita ce kotun ƙarshe a lokacin, ta raba cutar gida biyu: in hayaƙi ya lalata dukiya, kamar itatuwan Tipping da suka ƙone, to a biya shi ko a wace unguwa yake; in kuwa jikin mutum ne kawai ya wahala da wari da ƙara, to sai a duba irin unguwar. Sakamakon haka shi ne itacen mai dukiya ya sami kariyar da huhun leburan da yake kwana a gindin masana'anta bai samu ba, alhali Allah bai halicci talaka da hanci ko kunne dabam da na attajiri ba. Ƙari a kan haka, ƙarar ma ta mai haƙƙi a kan gidan ce, wanda aka ba masauki kawai ba shi da bakin magana. Wannan gurbi ne babba, kuma dokokin lafiyar jama'a ne suka zo suka cike wani sashe nasa, kamar yadda za mu gani.

Niyya ma tana da nata matsayi. A 1893 wani mai suna Davey, wanda ya gaji da sautin darasin kiɗa daga gidan maƙwabtansa iyalin Christie, ya shiga buga faranti da busa usur da dukan bango da gangan duk lokacin da aka fara darasi. Kotu ta bar masu darasi, ta hana shi, domin su sana'arsu suke yi, shi kuwa cutarwa ya nufa.

Na san malaman da suke zaune a sahun gaba tun ɗazu suna jin kamar a gida suke, domin wannan shi ne babin larar a fiƙihu, wanda aka gina a kan hadisin da ya hana cuta da ramuwar cuta, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, daga gare shi kuma fuƙaha'u suka ciro ƙa'idar cewa cuta gusar da ita ake yi. Ban ce wani ya ara daga wani ba. Abin da na ce shi ne duk inda mutane suka haɗa bango, mas'alolin iri ɗaya suke tasowa. Alƙali Ibn Asim na Garnaɗa, wanda ya rasu a 1426, ya keɓe wa larar fasali a cikin Tuhfa, littafin da alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da shi, inda aka ambaci tanderu da masussuka da warin jima. A nan ma an yi maganar daɗewa: wanda yake nan, yana gani, ya yi shiru shekara 10 a kan cutar da aka ƙaga masa, ƙararsa ta faɗi; sai dai wasu malamai sun togace cutar da take ƙaruwa kullum, kamar masai da majema, suka ce ita daɗewa ba ta halatta ta. Wannan togaciya, wallahi, hikima ce babba.

Akwai kuma wani magini a Tunis a ƙarni na 14, Ibn al-Rami, wanda alƙalai suke aikawa ya duba gine-ginen da ake jayayya a kansu, ya kuma rubuta littafi a kan hukunce-hukuncen gini. In maƙwabci ya yi ƙarar cewa dutsen niƙan da dabba take juyawa yana girgiza masa bango, hanyar gwajin da ya bayyana ita ce a rataye takarda da zare a jikin ginin, a zuba mata busassun ƙwayoyi marasa nauyi, a sa a fara niƙa. In ƙwayoyin suka motsa, cuta ta tabbata. Ku dubi yadda aka fitar da abin daga son zuciyar mai ƙara da musun wanda ake ƙara, aka mai da shi abin da ido yake gani.

Mas'alar leƙe ita ce ta fi ba ni sha'awa. An ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, da aka kai masa labarin wanda ya gina bene ya buɗe taga wajen maƙwabcinsa, ya yi umurni a sa gado a bayan tagar mutum ya hau ya tsaya, in yana hango cikin gidan maƙwabci a toshe ta. Malikawa kuwa suka riƙe wannan, suka ƙirga leƙe a cikin manyan nau'o'in larar. A Ingila, ko da yake al'adar birnin Landan ta dā takan sa a toshe irin wannan taga, shari'ar ƙasa gaba ɗaya ta daɗe ba ta ɗaukar kallo a matsayin cuta. Sai a zamaninmu, gidan ajiye zane-zane na Tate Modern ya buɗe wani dandalin hange a hawa na 10 a 2016, dubban ɗaruruwan mutane suna hawa kowace shekara, suna kallon cikin gidajen gilashin da suke fuskantarsa, wasu har da ɗaukar hoto. Masu gidajen suka kai ƙara, suka faɗi a kotun farko, suka faɗi a Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2020, sai a Fabrairun 2023 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai uku a kan biyu, ta yanke cewa kallo in ya kai wannan yawa da wannan naci, ya zama "nuisance". Naci ne ya sauya hukuncin, domin kallon mai wucewa sau ɗaya ba wanda zai saurari ƙararsa.

Duk abin da na faɗa zuwa nan tsakanin maƙwabci da maƙwabci ne. Akwai kashi na biyu, wanda ya shafi jama'a baki ɗaya, kamar tare hanya da gurɓata rijiya, shi kuwa laifi ne da hukuma take tuhuma a kansa, aikin da a garuruwan Musulmi na dā yake hannun muhtasibi. Bayan kwalara ta yi ɓarna a Ingila a 1831 da 1832, Edwin Chadwick kuma ya fitar da rahotonsa a kan ƙazantar unguwannin ma'aikata a 1842, sai majalisa ta yi dokar kawar da irin waɗannan cututtuka a 1846. A 1847 birnin Libaful ya naɗa Dokta William Duncan jami'in lafiya, da Thomas Fresh a muƙamin da aka kira "Inspector of Nuisances", wato mai zagayawa yana neman juji da kwata da masai da duk abin da yake cutar da unguwa. A lokacin galibin likitoci sun ɗauka wari ne yake kawo annoba, wanda ba haka ba ne, amma da yake wari da ruwan ƙazanta tare suke tafiya, korar ɗaya ta rage ɗayan. Wannan muƙami ne daga baya aka sauya wa suna, ya bi Turawan mulki zuwa ƙasashen da suka mallaka, ya iso mana muka raɗa masa suna duba-gari. Dattawan da suke nan sun tuna yadda ake rawar jiki ana wanke randa da share tsakar gida in an ji ya shigo unguwa, yana leƙa tulu yana neman 'ya'yan sauro. Ta wata hanyar kuma kalmar ta sake iso mana: kundin hukunta laifuffuka na Indiya na 1860 ya bayyana wannan laifi a sashe na 268, Sudan ta ɗauka daga Indiya, Jihar Arewa kuma ta gina nata kundin na 1959 a kan na Sudan. Saboda haka kalmar tana cikin dokar da ake hukunta mu da ita, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Yanzu na zo wurin da nake so ku ba ni hankalinku duka. Na ce muku tun ƙarni na 17 aka fara jifan mutum da wannan kalma. Tsakanin uwa da ɗanta mai ƙiriniya wannan ba kome. Amma in ta fito daga bakin mai iko, ta sauka a kan marar ƙarfi, sai ta zama abu mai haɗari, domin a shari'a hukuncin abin da aka kira da wannan suna shi ne a kawar da shi. Hayaƙi ake kawarwa, da juji, da kwata. Ku duba jaridunmu na Ingilishi, sau nawa kuke karanta cewa almajirai, ko mabarata, ko masu talla a bakin titi, ko 'yan gudun hijira suna "constituting nuisance", kuma za a kwashe su? Da an faɗi haka, an riga an yanke hukunci kafin a saurari kowa, an sa yaro ɗan shekara bakwai mai riƙe da ƙoƙo a layi ɗaya da tulin shara. Wanda ya karanta ba zai ƙara tambayar ina iyayensa, me ya ci yau, wa ya wajaba ya ciyar da shi ba. Abin da zai tambaya kawai shi ne yaushe za a share titin. Lalle tare hanya cuta ce, ko wane ne ya tare ta, kuma hukuma tana da haƙƙin buɗe ta. Amma alƙalan da na ambata, na Landan da na Tunis, aikin suka auna, suka hana shi, suka bar mai aikin da mutuncinsa: an hana Bridgman daka a jikin bango, ba a ce shi kansa ƙazanta ba ne. Ko a Ingila wannan faɗin kalmar ya jawo muhawara mai zafi, musamman da majalisa ta mai da laifin rubutacciyar doka a 2022, da hukuncin da zai iya kai ɗaurin shekara 10, mutane da yawa suna tsoron za a yi amfani da shi a kan masu zanga-zangar lumana. Allah ya karrama ɗan Adam, bai kamata alƙalamin ɗan jarida ko sanarwar ofis su ƙasƙantar da shi da kalma guda ta aro ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne, a daidai lokacin da muke ɗora kalmar a kan wanda ba ta dace da shi ba, muna ɗauke ta daga inda ta dace. Injin janareto da aka ajiye a gindin tagar maƙwabci, hayaƙinsa yana shiga ɗakin da jarirai suke kwana. Injin niƙa da aka kafa jingine da bangon tsoho marar lafiya. Ruwan wanka da aka sako a lungu ya zama matattarar sauro. Lasifikar biki da take kwana tana ihu, har ma, in faɗi gaskiya a gaban malamaina, lasifikar wa'azi da ake sakewa bayan mutane sun kwanta. Bene mai hawa uku da tagoginsa suke kallon tsakar gidan da mata suke aikinsu: waɗannan su ne ainihin abin da kalmar take nufi, su ne kuma larar da Tuhfa ta yi magana a kanta. Akwai dokar ƙayyade ƙara a Nijeriya tun 2009, amma wanda aka cuta in ya buɗe baki, abin da yakan ji shi ne ya yi haƙuri, zaman tare sai da haƙuri. Haƙuri kyakkyawan hali ne, ba mai musu, wanda ya yafe haƙƙinsa don Allah kuwa ladansa yana wurin Allah. Sai dai nasiha rabi ce in kullum wanda aka cuta ake yi wa ita, mai cutar kuwa ba a ce masa kome, musamman in shi ne mai kuɗin unguwar. Wanda ya san gusar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani, yaya zai ɗauki zuba shi a kan maƙwabci ƙaramin abu?

Saboda haka ina roƙon masu fassara da 'yan jarida da suke cikinmu, in kalmar nan ta zo muku, ku tsaya ku duba daga wane baki ta fito: in hira ce ku ce damuwa ko alaƙaƙai, in shari'a ce ku ce cutarwa, in kuwa an ɗora ta a kan bayin Allah marasa galihu, ku faɗi aikin da ake zarginsu da shi, kada ku mai da su kansu abin sharewa. Ina roƙon masu unguwanni da limamai, in an kawo muku ƙarar hayaƙi ko ƙara ko taga, ku taka ku je ku gani da idonku kamar yadda maginin Tunis yake yi, kafin ku ce wa kowa ya yi haƙuri. Ku kuma ɗalibai, yau in kun koma gida, kowa ya zagaya bayan katangar gidansu ya duba abin da yake fita daga cikinta zuwa ga maƙwabta, in ya ga abin gyara ya gaya wa mai gida cikin ladabi.

Allah ya ba mu ikon kiyaye haƙƙin maƙwabtaka.